Saƙon da Ban Buɗe Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena da 'yan'uwana.

Yawancinku kun san ni tun ina jan bas daga Ikara zuwa Zariya. Kun kuma san yadda muke yi a tasha: a miƙo maka saƙo, ka kai, ba ka buɗewa. Buɗe saƙon mutum ai cin amana ne. Da wannan halin na tafi Amurka, har na samu katin zama na dindindin, ina tuƙa tasi.

Wata rana wani ɗan ƙasarmu ya ba ni kwali in kai wa abokinsa. 'Yan sanda suka tare ni, ashe wayoyin sata ne a ciki. Lauyan da aka ba ni ya ce in amsa laifi, in koma gida a ranar. Turancina lokacin na tasha ne, tafinta kuma babu. Ni ko na ɗauka irin namu ne, babba ya ce ka ba da haƙuri, ka bayar, magana ta mutu. Na ce na amsa, aka sake ni.

Na binne zancen. Na auri Saratu, muka haifi Rifkatu, ban taɓa faɗa mata ba. Coci ma sai Kirsimeti.

Shekara goma sha biyu bayan haka na zo jana'izar mahaifiyata a garinmu Furana. Da na koma Amurka, a filin jirgi aka karɓe katina. Suka ce tsohon laifin nan ya isa a kore ni, ba dawowa. Matata da 'yata a can, ni a nan gida, har abada.

Wata bakwai ina tsare, jama'a! Ɗaki ba taga. Kowane mako sai a kira sunan wani, a sa shi a jirgi. Saratu ta zo, gilashi a tsakaninmu, na ce mata kuskuren kwamfuta ne. Ina kulle, kuma ina ƙarya!

Ran nan na durƙusa gefen gado, na ce, "Ya Ubangiji, na gaji. Ka fitar da ni." Abin da ya zo zuciyata ɗaya ne: ka faɗa wa matarka gaskiya. Na ji tsoron wannan fiye da jirgin.

Na faɗa mata. Ta ce, "Baban Rifkatu, shekara nawa muna cin tuwo tare?" Ta tashi ta fita. Na ce shi ke nan, na rasa ta.

Bayan mako biyu sai ga ta da wata lauya. Lauyar ta tono tsofaffin takardu, ta nuna wa kotu cewa ba wanda ya gaya mini amsa laifin zai iya jawo kora, kuma ban fahimci abin da na amsa ba. Alƙali ya soke hukuncin, aka sake ni. Haleluya!

A bakin ƙofa Saratu ta ce, "Na yafe maka, amma za ka sha faɗa a gida." Na kuwa sha.

Na gode wa Yesu. Ɗan'uwa, in akwai abin da ka ɓoye yana cin ka, kai shi gaban Ubangiji yau, ka dogara gare shi. Ni da na faɗi nawa, ban rasa kowa ba. Amin.