Yadda Na Ɗinke Wuyan Rigunan Zumunta

’Yan’uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ni ne Bitrus tela, na bakin tashar Wudil. Wanda bai san ni ba ya san tumbina, don shi yake riga ni shigowa majami’a.

Shekarar da kuɗin mai suka yi yawa, har masu tallan gyaɗa suna ɗinka shadda, sai girman kai ya kama ni. Na sayar da keken ɗinkina na ƙafa, na sayo na lantarki. Ƙafafun da suka shekara ashirin suna taka keke suka rasa aikin yi, suka tayar mini da bori. Da na zauna ko na kwanta, sai in ji kamar tururuwa na cin kasuwa a cikin ƙwaurina. Ba zafi ba ne, ba ƙaiƙayi ba ne, dole dai sai na motsa. Matata Saratu ta sha shuri har ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakin yara.

Ban je asibiti ba, ban kuma gaya wa Ubangiji ba. Wurin wani mai kemis na tafi. Ya ba ni farar ƙwayar kodin. Ƙafa ta tsaya cak, amma ciki ma ya tsaya! Kwana tara ina zuwa bayan gida gaisuwa kawai. Na koma, ya ce akwai allura, yayar kodin. Ita kuwa ta sa ni susa, har kwastoma ya tambaye ni ko ƙwarƙwata nake kiwo. Na uku shi ne maganin tari mai kodin. Wannan ya fi daɗin baki, shi ne kuma ya fi mugunta. Daga cokali ɗaya na kai ga kafa kwalba a baki, ni da ko tarin ƙarya ba na yi. In bai shiga cikina ba, ƙafar sai ta ninka haukanta.

Ana haka matan zumuntar majami’armu suka kawo mini ɗinkin anko, riguna goma sha biyu, za su babban taro a Kano ranar Asabar. Na ɗinka su ina gyangyaɗi. Ranar Alhamis shugabarsu, Mama Rifkatu, ta zo gwaji. Ta zura kai a riga, muka yi ta jiran kan ya fito. Shiru. Can muka ji muryarta daga ciki:

“Malam Bitrus, ina ƙofar fita?”

’Yan’uwa, duk goma sha biyun na ɗinke wuyansu ruf, kamar buhun gero!

Na ce, “Mama, sabon yayi ne daga Ikko.”

Ta tuɓe rigar ta ce, “Yayin kwalba dai. Tun a tsaye ka auna ni kana minshari. In gobe ba su gyaru ba, ba mai sake kawo maka ko facin wando a garin nan.”

Da ta fita, Saratu ta jawo kwalaben daga ƙarƙashin tebur ta jera mini. Ta ce, “Maigida, wannan ba tela ba ne, mashayi ne. Durƙusa.”

Na durƙusa. Ni mai surutu, ranar kalma huɗu kawai na iya: “Yesu, ka cece ni!” Na yi kuka har gemuna ya jiƙe.

Muka zauna da reza muna farke wuya, ita shida ni shida. Rigunan suka je Kano da kawuna a waje.

Ranar Litinin Pasto ya raka ni asibiti. Likita ya auna ni ya ce jinina ne ya yi ƙasa, shi ya sa ƙafafun suke bori. Ya ba ni maganin ƙarin jini, ya ce in riƙa cin hanta da zogale. Kodin kuwa ya yi ta rage mini kaɗan-kaɗan, don ya ce yankewa farat ɗaya wahala ce. Na sha zufa, na sha rawar sanyi, amma Ubangiji bai saki hannuna ba. Yau damina biyu ke nan ban taɓa kwalba ba. Halleluya!

Ɗan’uwa, in kana da abin da kake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur, fito da shi ka kai wa Yesu, sannan ka je asibiti. Yesu ya ishe ka, ka dogara gare shi. In kuma kun ƙara ganina ina barci a majami’a, kada ku zargi kowane magani, Pasto ne ya ja wa’azi.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga Allah. Amin!