Littattafai Uku da Sunan Marigayi

A tashar Circle, ana jiran motar unguwar Nima, wata tsohuwa mai albasa ta dubi na kusa da ita, ta ga ya yi tagumi.

"Ɗana, rasuwa aka yi?"

"A'a, Inna. Larabci nake koyarwa a jami'a. Na nemi ƙarin girma tun lokacina bai yi ba, suka ce sai in na nuna littafin da na wallafa."

"Ba ka da shi?"

"Uku ma. Amma sunan marigayi malamina na sa musu, don albarka."

"Ai ka kyauta."

"Da na bar shi haka! Jiya na rantse gaban Turawan jami'ar cewa ko harafi bai rubuta ba."

"To, sun ba ka?"

"Sun ce in dawo bayan shekara uku."