Ginin da Hannu Bai Taɓa Ba

Tsohon shugaban sashen zanen gine-gine ne ya fara kawo injin da ke yanka katako bisa umarnin kwamfuta, shekara bakwai ke nan. Shi ne kuma ya kafa dokar cewa duk ɗalibin da hannu ya gyara ƙaramin gininsa na gwaji ya faɗi. Ranar duba ayyuka, ina zaune a benci bakin zauren, na ji mahaifin wata ɗaliba yana magana da wani mai fensir a kunne.

"Malam, zamanin kafintoci ya wuce. 'Yata ta zana, inji ya yanka, ba hannun da ya taɓa."

"Madalla, Alhaji. Wanne ne nata?"

"Mai hawa uku, mai matakala a lanƙwashe."

"Af, wannan! Zane kam ta iya, kaurin katako kawai ta manta. Shi kuwa inji ba ya tambaya. Kwana biyu ina goge gaɓoɓin kafin su shiga juna."

"Kai wane ne?"

"Kafinta, wanda zamaninsa ya wuce."

"Ɗan'uwa, don girman Allah rage murya. Shekararta ta ƙarshe ce. Idan malaminsu ya ji fa?"

"Kwantar da hankalinka, Alhaji. Shi yake kirana kowace shekara."

Da aka tashi, ɗalibai ashirin sun ci, inji ya sami yabo, doka tana nan daram, kafinta kuma ya riƙe aikinsa.