Waƙar Gonata Ta Shiga Kaset

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ne Sule, manomi daga gefen Malumfashi.

Ranar gayyar cirar auduga na yi wa mai awon audugarmu waƙar zambo, don a yi dariya kawai. Ashe Bala mai shagon kaset, da ya zo taya mu, ya kunna rikoda. Yanzu muryata ce ke tashi a motocin Funtua.

Na ce ya daina sayarwa. Ya ce, "Malam Sule, kaset nawa, batir nawa, ina naka a ciki?"

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Audugata na jibge a ɗaki, sikeli kuwa ɗaya ne a yankinmu, na mutumin da na zaga. Jiya ya aiko cewa ya haddace waƙar, yana jira na.