Dambun Naman da Na Dafa wa Mai Sayen da Babu Shi

Salamar Yesu Almasihu ta sauka a kanku, 'yan'uwana na zumunta, manya da yara. Ni ce Saratu ta Bobigny, nan ƙasar Turawa, wadda kuka sani da Maman Rahila. Ban taɓa zama aji ba. Ina faɗi ne, Maman Dauda tana rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Ranar da abin ya faru mu huɗu ne tsaye a ƙofar wani bene a garin Lyon. Da ni, da 'yata Rahila, da mijinta Yakubu, da Alhaji Mamman mutumin Damagaram, mai shagon atamfa a unguwar Goutte d'Or, aminin mijina tun suna samari. A jakata akwai adashin da na kwasa. A hannuna kuma kwanon dambun nama. Bari in faɗa muku abin da ya kai mu can.

Tun Malam Bulus mijina yana da rai, wata shekara ya shigo da murna ya ce ya saya mana gida a bakin teku a Sipaniya. Muka je. Ɗaki da falo, taga na kallon ruwa. Har na fara duba inda zan jera tukwane. Mako na cika aka ce mu fita.

Na ce, "Mu fita mu je ina, Malam? Ba namu ba ne?"

Ya ce, "Namu ne, amma mako ɗaya a shekara."

"Sauran makonnin fa?"

"Na wasu ne."

"To ɗakin ka saya, ko makon?"

Ya ce, "Saratu, ki bari." Na bari, amma har Ubangiji ya kira shi gida ban gane ba. A garinmu an sayar da gona a gabana, an sayar da sa. Ban taɓa jin an sayar da mako ba. Kwanaki ai na Allah ne.

Makon namu cikin sanyi yake faɗowa, ba mu sake komawa ba. Amma kowace shekara sai an biya kuɗin shara da fenti na ɗakin da ba na kwana ciki. Da Malam ya rasu, kayan ya dawo kaina. Haya ba haya ba, mallaka ba mallaka ba. Na daɗe ina durƙusawa ina cewa, Ubangiji, sauke mini makon nan.

Sai wata safiya salulata ta yi ƙara. Wani Bature ne mai sanyin murya. Faransancina na kasuwa ne, amma shekarun da na yi ina sharar buro, wato ofis, sun ishe ni in ji magana. Ya san sunan mijina. Ya san makon. Ya yi mini gaisuwar rashi fiye da yadda wasu dangi suka yi. Ya ce shi dillali ne, akwai wani likita da ke son makonmu, zai biya abin da ya fi kuɗin da Malam ya ba da, ko tayi babu. Nawa kawai in fara aika kuɗin dosiye, wato na buɗe takardu, kafin Asabar.

Nan take na durƙusa na yi godiya. Wasunku sun tuna ranar da na miƙe a zumuntar mata na ta da waƙa, na ce Allah ya amsa. Wannan ce amsar da nake nufi.

Adashin kuwa da ma yana da aikinsa. Na yi zubi ne don kuɗin jirgi in je Maraɗi wurin Yaya Maryamu, babbar yayata. Idonta ya tafi, jiki ya yi nauyi. Duk muka yi waya sai ta ce, "Saratu, zo in shafa fuskarki tun ina nan." Na yi shawara da kaina: in ba dillali kuɗin, a sayar da mako, in tafi da abin da ya fi haka.

Na faɗa wa Rahila. Ta ce, "Inna, kada ki aika ko sisi. Arnaque ce, damfara ce tsantsa."

Na ce, "Ke kin fi Allah sani? Na roƙa, an amsa." Na kashe salula.

Na tafi har ƙofar shagon aika kuɗi, ƙafata ta ƙi shiga. Kada ku ce na gane wani abu, ban gane komai ba. Abin da ya tsai da ni shi ne, kayan miji ne. A wurinmu ba a sayar da gado kamar tumatir. Mai saye yana zuwa ya zauna, a kira shaidu, a ci abinci, mai kaya ya ce na sallama, shaidu su ce Allah ya amfana. Gobe in ƙannen Malam suka tambaye ni wa na sayar wa, wa ya shaida, in ce musu me? Murya?

Na kira dillali na ce zan kawo kuɗin da hannuna, in ga likitan ido da ido.

Ya ce, "Madam, buronmu yana Lyon, kada ki wahal da kanki."

Na ce, "'Yata tana Villeurbanne. Kusa ne."

Sai ya yi dariya ya ce likita mutum ne mai aiki da yawa. Na ce ni mai jira ce.

Na je wurin Alhaji Mamman na roƙe shi ya zama shaida. Ya ce, "Maman Rahila, ni irin wannan ciniki ban san shi ba. Amma don Bulus, zan rufe shago." Na sayi nama mai kyau na yi dambu, don ba a tarbar mai saye hannu wofi. A jirgin ƙasa Alhaji ya ce shi dai tun da yake kasuwa bai ga dillalin da ke karɓar la'ada kafin a yi ciniki ba. Na ce masa Turawa da tasu hanyar. Ya gyara hula ya kalli taga.

Rahila da Yakubu suka tare mu a gar, tashar jirgin ƙasa. Fuskarta a ɗaure, tawa ta fi tata. Muka bi adireshin da dillalin ya bayar. Ƙasan benen wurin gyaran gashi ne. Yakubu ya karanta sunayen da ke ƙofa har sau biyu, babu na dillali. Wata tsohuwar Baturiya mai kula da benen ta fito da tsintsiya, ta ji abin da muke nema, ta girgiza kai.

Ta ce, "Ku ma? Babu buro a nan, ba a taɓa yi ba. Sauran sukan zo suna kuka bayan sun biya." Ta dubi kwanon da ke hannuna. "Amma ke ce ta fari da ta zo da abinci."

Yakubu ya kira lambar, ya buɗe murya kowa ya ji. Dillali ya ce sun yi ƙaura, in aika kuɗin yau, in ba haka ba likita zai sayi makon wani. Alhaji ya ce wa Yakubu, "Gaya masa ya cire nasa cikin kuɗin likitan, ya ba ta saura." Yakubu ya faɗa. Layi ya mutu. Muka sake kira, shiru.

Na zauna a bencin tashar tram, jirgin cikin gari, na ce mu ɗan jira, wataƙila likita yana hanya.

Rahila ta tsuguna gabana ta ce, "Inna, babu likita."

"To wa zai sayi makon?"

"Ba kowa."

"Shi da ya yi mini gaisuwar Malam fa?"

"Shi ne ɓarawon, Inna."

Na rufe ido nan a bakin titi na ce, Ubangiji, ni ban gane ba. Na roƙe ka, mutumin nan ya zo, na yi maka waƙa a gaban mata. In ba kai ka aiko shi ba, yaya ya san sunan mijina? In kuwa kai ne, ina ya shiga?

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Hannuna ne kawai ya sauka kan jakata, na ji kuɗin suna nan da nauyinsu. Sai na tuna ƙafata a ƙofar shagon nan, yadda ta kafe. Ni ina sauraron amsa a salula, ashe Yesu yana riƙe da ƙafata. Haleluya!

Na buɗe kwano. Muka ɗiba wa tsohuwar mai tsintsiya, sauran muka ci a bencin. Na tura wa Rahila kwanon na ce ta ƙara, ta rame. Ta gane haƙuri nake ba ta.

'Yan'uwa, ba zan yi muku ƙarya ba, makon yana wuyana har yau. Rahila ta kai ni wurin masu ba da shawarar shari'a kyauta, sun ce akwai hanyar fita, amma sai haƙuri. Kuma har yanzu ban san ko ɗaki Malam ya saya ko kwanaki ba. Abin da na sani, duk wanda ya ce ka fara biya kafin ya saya maka kaya, ba mai saye ba ne, ko da ya san sunan kakanka. Ku dogara ga Ubangiji, amma ku nemi ganin fuska, ku kira shaidu, ku ji maganar 'ya'yanku. Na gode wa Allah da ya cece ni ina cikin gardama.

Washegarin ranar nan ta Lyon da safe na sa Yakubu ya kai ni inda ake sayar da tikitin jirgi, na biya na Yamai, daga can in wuce Maraɗi, na kira Yaya Maryamu na ce ta shirya hannunta. Muna fitowa salula ta yi ƙara. Wata sabuwar murya ce, wai tana da mai sayen makona. Na ce, "Madalla. Ka zo da shi, da shaidu biyu. Ka faɗa mini ranar, in ɗora dambu."