Kwanon Alƙali Ma'aruf

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Wakilin Mai Martaba, Allah ya ja zamanin Sarki. Iyayenmu hakimai da dagatai, limamai, masu girma alƙalai, Dakta Haulatu da sauran malaman jami'a da suka taso tun daga Kano, matar marigayi Hajiya Ummukulsum da ke jin mu daga cikin gida, kai ɗansa Nu'uman da ƙannenka, da dukan jama'a, assalamu alaikum.

Sunana Ɗantsoho, tsohon malamin firamare. Ban san shari'a ba, ko ƙofar kotu ba na son bi. An ba ni magana ne don tare muka taso da marigayi Alƙali Ma'aruf Maharazu, tare kuma muka kafa majalisar ƙofar gidana, inda kowa ke fito da kwanon tuwonsa bayan magariba, mu haɗa mu yi ciyayya. Da bakin wannan majalisa nake magana.

Ran da aka naɗa shi alƙali ya zo ya ci ya ƙoshi, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Jama'a, daga yau kun daina ganina a tabarmar nan. Gobe wani cikinku na iya tsayawa gabana, ba na so in dube shi in tuna miyar gidansa."

Na ce, "Kai Ma'aruf? Kai da ƙamshin daddawa ke juyo da kai daga hanyar masallaci?" Aka yi ta dariya. Washegari kwanonsa ya zo, shi bai zo ba. Aka kai shi Zango, aka mai da shi Sandamu, iyalinsa na nan Daura, kwanon bai fasa zuwa ba. Haka muka yi shekara ashirin da ɗoriya, muna cin tuwonsa, shi bai ɗanɗana namu ba.

Ya kasance mai son mutane wanda aikinsa ya raba shi da mutane. Ya kasance in an yi suna ko ɗaurin aure yakan zo da wuri, ya yi addu'a, ya tashi kafin a buɗe kula. Ya kasance ko goro aka miƙa masa sai ya taɓa ya ce ya gode. Wasu suka ce girman kai ne. Mu da muka san shi mun san kewa ce ke cinsa, don duk inda muka gamu, bayan gaisuwa tambayarsa ɗaya ce: "Ɗantsoho, wurina na nan?" In ce yana nan. Ya ce, "To, in na yi ritaya."

Ya yi ritaya, muka gyara zama. Sai ga shi da labarin wai ya koma makaranta, zai yi digiri na biyu a fannin shari'a. Na ce, "Da furfurar taka? Wa zai ƙara maka girma kuma?"

Ya ce, "Ba girma nake nema ba. Akwai gonakin gado a Kongolam da iyakar ƙasa ta ratsa, rabin magada a nan, rabi a Nijar. Na sha yanke hukunci a kansu zuciyata ba ta kwanta ba. Ina so in san abin da ya kamata, in rubuta wa na baya."

Na ce to ya yi karatunsa, amma ya dawo tabarma, tun da ya ajiye alƙalanci. Ya girgiza kai. Wasu daga gonakin nan na dangin 'yan majalisarmu ne, kuma shi zai bi gida-gida yana jin ta bakin kowane ɓangare. Ya ce har yanzu maganar mutane yake aunawa, a bar shi ya sauke wannan tukuna. Raina ya ɓaci a ranar, ba zan ɓoye muku ba.

Dakta Haulatu, wadda ta duba bincikensa, ta ba mu labarin zamansa a Kano. 'Yan ajinsa sa'o'in Nu'uman ne. Baba suke ce masa. In ya zauna a benci sai su tashi su bar masa don ladabi, in ya shiga wurin cin abinci sai hira ta mutu. Yara ne masu tarbiyya, ba su san neman abokin zama yake ba. Da yatsa ɗaya ya koyi buga kwamfuta, da shi ya buga kundin nan gaba ɗaya. A Kongolam kuwa, kan babur yake bin ƙauyuka da gorar ruwansa da ƙullin ƙosansa, ya zauna gindin bishiya ya ci shi kaɗai, ga gidaje kewaye da shi da kowanne zai yi murnar ciyar da shi.

Ran Alhamis ɗin da ya kare kundinsa ya kira ni. Rabon da in ji muryarsa haka tun muna samari. Ya ce, "Ɗantsoho, na sauke. Gobe bayan magariba ina nan. Da kwanonka zan fara, in ji ko matarka Lami ta rage barkono."

Ranar Juma'a babu gidan da bai yanka kaza ba. Muka sayo sabuwar tabarma. Aka yi magariba, kwanonsa ya zo, shi bai zo ba, da saƙon cewa ya iso da zazzaɓi, sai gobe. Muka yi dariya muka ce Alƙali ya ɗage zama. Goben aka kai shi asibiti. Ran Litinin muka kai shi makwancinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hajiya Ummukulsum, ke kaɗai kika san yadda mutumin nan ke cin tuwonsa a zaure yana jiyo dariyarmu daga nesa. A kwanakin makoki kwanukanmu suka shigo gidanki, karo na farko, kuma babu wanda ya mai do su. Na ɗauka shi ke nan. Shekaranjiya sai ga kwanon Alƙali ya dawo ƙofar gidana, da zafinsa. Mun daɗe muna kallonsa, an rasa mai buɗewa.

Nu'uman, kai ba alƙali ba ne, babu wanda zai tsaya gabanka. Yau bayan magariba ka ɗauko kwanon nan da hannunka, ka biyo shi. Wurin babanka na nan tsakanina da bango, ba wanda ya taɓa zama a kai.

Mun gode wa duk wanda ya taso, na kusa da na nesa, Allah ya mai da kowa gida lafiya. Allah ya sa abin da ya rubuta ya raba gardama tsakanin 'yan'uwa, ladan ya riske shi. Ya Allah, bawanka Ma'aruf ya daɗe yana ci shi kaɗai saboda tsoronka. Ka gafarta masa, ka zaunar da shi cikin jama'a, inda babu mai ƙara babu wanda ake ƙara. Amin.