Tsumman da Ya Toshe Kafiretar Taraktata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Garba, manomi ne ni daga 'Yandoto.

Ina da tsohuwar tarakta mai shan fetur da na gada wurin mahaifina. Da ruwan farko ya sauka sai ta fara gardama: ta tashi, ta yi tari, ta mutu. Na canza fulogi, na wanke tiyon mai, duk a banza. Da yake mun yi cacar baki da maƙwabcina Malam Isa kan iyakar gona, sai na tsaya gaban mai unguwa na ce shi ya zuba mata yashi a tanki. Hawaye kawai Malam Isa ya share.

Jiya na ɗauko makanike daga Gusau. Ya kwance kafireta, ya zaro wasu zaruruwa shuɗaye da suka toshe hanyar mai. Ya ce, "Alhaji, babu yashi nan. Wanga tsumma na wa ne?"

Tsohuwar rigata ce. Ni na yaga ta bara na toshe bakin tankin da murfinsa ya ɓata.

Yanzu tarakta na tashi bugu ɗaya, amma na kasa bi ta ƙofar Malam Isa. Shekara talatin muna sallah sahu ɗaya. Jama'a, ku ba ni shawara: in same shi shi kaɗai, ko in koma gaban mai unguwa inda na ɓata masa suna?